Ragileta Shida a Ƙarƙashin Gado

A Wangsa Maju, bayan wani shagon mamak, irin gidan abincin garin nan, da ba ya rabuwa da ƙamshin soyayyiyar gurasar roti, akwai kantin da ke sayar da kayan nutso a teku. Daga ƙofar kantin zuwa ruwan da ya isa a nutsa cikinsa kuwa, sai ka yi awa biyar a mota, sannan ka hau kwalekwale. Amma mutanen Kuala Lumpur haka Allah ya yi su. Mutum zai yi wata shida yana zaune a ofis yana kallon bango, ranar da aka ba shi hutu sai ya ɗauki kuɗinsa ya kai wa wanda zai jefa shi cikin teku.

Idan ka wuce rigunan roba da takalman agwagwa da aka rataye a gaba, ka tura wata ƙaramar ƙofa, za ka tarar da ɗaki mai sanyi kamar cikin randa. A nan Tajuddeen yake. Dogo ne, baƙi, siriri, furfura ta fara yi masa sallama ta gefen kunne. Shekararsa goma sha biyu a ƙasar nan, tara daga ciki a kan bencin gyaran da ke ɗakin nan. A takarda dai ɗalibi ne mai neman digirin digirgir a kan kiwon kifi. Kifin da ya fara nazari a kansu sun haihu, jikokinsu ma an cinye su da shinkafa, shi kuwa har yanzu yana babi na uku. Ɗaliban gida da ke zuwa suna tarar da shi, su gama, su koma a ba su kujera, in sun kira shi a waya su ce, "Dakta, ana nan?" Shi kuma ya ce, "Ina za a je?"

Aikinsa gyaran ragileta. Wanda ya san ta tukunyar gas ya san rabin zancen. Mai nutso yana goya tukunyar iska a baya, iskar ciki kuma a matse take, in ta fito kai tsaye sai ta fasa huhu. Ragileta ce ke karya mata ƙarfi. Tana da kai na ƙarfe da ake ɗaurawa a bakin tukunya, da tiyo, da wani baki na roba da mutum ke ciza yana zuƙa. Ran mutum ɗungurungum yana rataye ne a kan wasu zobban roba da ba su kai zoben yatsa ba.

Duk wanda ya zo karɓar tasa sai ya sha wa'azi. Tajuddeen zai riƙe ta a hannu, ya ƙi saki sai ya kai aya. In ka fito daga ruwa, ka busar da marfin kan kafin ka rufe, ɗigon ruwan gishiri ɗaya ya shiga ciki ya ishe ka. Ka jiƙa ta a ruwan famfo, amma kada ka danna maɓallin bakin tana cikin ruwa. Kada ka shanya ta a rana, ba kilishi ba ce. Kada ka naɗe tiyon kamar gammo. Kada ka rataye ta ta wuya. Kada ka bar ta a bayan mota. In damina ta hana shiga teku a watan Nuwamba, ka ajiye ta inda iska ke ratsawa, kuma ko ba ka taɓa ta ba, shekara na zagayowa ka kawo ta a buɗe. Akwai wani lauya ɗan Sin da yake cewa ya fi tsoron Tajuddeen a kan alƙali. Ya taɓa kawo tasa da yashi a ciki, Tajuddeen ya dube shi ya ce, "Maigida, in ka gaji da duniya ai akwai hanyoyi masu araha."

Ba a teku ya koyi ruwa ba. A wani ƙauyen Sarkawa aka haife shi, ƙasar Yauri, inda yaro ke iya iyo kafin ya iya ɗaure wando. Mahaifinsa shi ne babban mai nutso na Sarkin Ruwa. In kwalekwale ya kife, shi ake kira. Ba ya sa komai sai gajeren wando. Zai cika ƙirji da iska, ya yi bisimilla, ya bi igiyar da aka ɗaura wa dutse, ya lalubo wanda ya lalubo. Sai dai tun da aka datse kogin ruwa ya taru, akwai wuraren da numfashin ɗan Adam ba ya kaiwa.

Tajuddeen yana da shekara goma sha tara, wata ranar kasuwa, kwalekwalen da ke dawowa da yamma ya bugi kututturen da ke ƙarƙashin ruwa ya kife. Ƙanwarsa Daso tana ciki, ta kai busasshen kifi ta sayo atamfar salla. Kwana uku uban yana shiga yana fita. Ya fito da 'ya'yan mutane ɗaya bayan ɗaya, ana karɓa ana yi masa addu'a. Tasa ce bai samu ba. A rana ta uku ya taso jini na bin kunnensa na hagu, Sarkin Ruwa da kansa ya riƙe igiyar ya ce ya isa. Aka yi wa Daso sallar da ake yi wa wanda ba a ga gawarsa ba.

Atamfar kuwa ta taso. Wani masunci ya tsince ta a ƙulle cikin ledarta, ko ɗigo bai shiga ba. Uwar ta karɓa. Ta sa ta a akwatin ƙarfe tare da sauran kayan yarinyar, ta zuba kafur, ta tura ƙarƙashin gado. Duk shekara in salla ta matso sai ta jawo akwatin, ta ɗaga murfin kaɗan, ta ƙara kafur, ta mayar. Ba ta warware komai. Abu biyu ta koya wa ɗanta ba tare da ta zaunar da shi ba. Na farko, abin da ba ka so ka rasa, haka ake ajiye shi. Na biyu kuma ta sha faɗa da baki, wai Daso ta yi ta shelar atamfar nan tun saura wata guda, har bakin mutane ya riga ta zuwa kasuwa. "In kana da niyya, ka haɗiye ta," in ji ta. "Sai ka ɗaura kaya ake sanin za ka yi tafiya."

Karatu ya ja shi Sakkwato, daga can gwamnatin jiha ta turo shi nan. A shekararsa ta biyu malaminsu ya kwashe su zuwa tsibirin Tioman, aka goya masa tukunya, aka cusa masa roba a baki, aka ce ya sauka. Ya sauka mita goma sha takwas. Sauran ɗalibai suna ta kallon kifaye masu launi kamar 'yan biki, shi ko ɗaya bai gani ba. Agogon hannunsa kawai yake kallo. Minti biyar. Minti ashirin. Minti arba'in yana zaune a ƙasan ruwa yana numfashi kamar mai hira a zaure. Babansa minti biyu yake yi, ya taso idanu jajur. Da suka hau kwalekwale aka ga yana goge fuska, aka zaci gishiri ne.

Daga ranar kifi ya fita daga ransa. Da tallafin karatu ya tsaya, kamar yadda yakan tsaya in an sauya gwamna, sai ya zo kantin nan yana wanke kayan haya. A nan ya haɗu da Pak Rosli, tsohon mai gyara, ɗan Malay gajere mai tumbi, wanda ya yi ƙuruciyarsa yana walda a ƙarƙashin jiragen ruwa. Shi ma kunne ɗaya ya mutu. Tajuddeen ya lura da yadda yake karkata kai in ana magana, sai ya ji kamar ya san shi tun tuni. Tsohon ya ga yaron yana da hannu, ya jawo masa kujera.

A shekara ta biyu a benci, mai kanti ya sauya kayan haya, ya ce a zubar da tsofaffin. Guda shida ne, masu nauyi, irin na da. Tajuddeen ya ce a ba shi ya ƙara koyo a kansu. Wata takwas ya yi yana bin su bayan an tashi aiki. Kamfanin da ya ƙera su ya daina yin kayan gyaransu, sai da ya bi shaguna har garin Ipoh ya tattaro ragowar zobba da tantani na ƙarshe da suka saura. Ya wanke, ya goge, ya haɗa. Da Pak Rosli ya ɗora su a ma'auni, allura ta tsaya cak a kan kowace, ko motsi. Tsohon ya zuƙa ya lumshe ido.

"Taju, waɗannan sun fi sababbin fa. Sayarwa za ka yi?"

"Za a gani, Pak."

Amsar kenan. Bai ce masa na gida ne ba. Bai ce masa akwai wani kogi mai riƙe 'ya'yan mutane ba, kuma yana so ya koma ya koya wa samari shida su sauka inda babansa ya kasa. Ya haɗiye niyyarsa kamar yadda aka koya masa, ya zuba su a jaka ya hau jirgin ƙasa zuwa unguwarsu, Sentul.

A hawa na goma sha ɗaya suke, shi da matarsa Bashira, a wani tsohon bene da lifta ke aiki ranar da ta ga dama. Bashira tana yin tuwo da masa, ɗalibai suna zuwa suna yin tapau, wato a ƙulle musu su tafi da shi. Inda ake girki kullum kuwa, kyankyaso ba baƙo ba ne, ɗan gida ne. Da farko ya shimfiɗa ragiletocin a saman kabad, a sake, yadda littafi ya ce. Sati uku ya hau ya duba, ya tarar an gaigaye bakin ɗaya kamar an ba yaro rake. Kyankyasan Sentul ba su san darajar komai ba.

Ranar bai ci abinci ba. Ya sauya bakin, ya kunna musu fanka kwana uku har ya tabbata sun bushe. Ya manta cewa a garin nan iskar kanta jiƙaƙƙiya ce, riga ma in ka cire daga igiya sai ka ji kamar ta yi zazzaɓi. Ya sa kowace a leda mai kauri. Ya san ana hana leda, shi da kansa yake hanawa, amma ya ce wa ransa ai na ɗan lokaci ne, baɗi war haka yana gida. Sannan ya sauka kedai, ɗan shagon ƙasan bene, ya sayo kafur, ya jefa uku-uku a kowace leda, ya ƙulle, ya jera su a akwatin ƙarfe, ya tura ƙarƙashin gado. Babu littafin gyara ko ɗaya da ya ce kada a sa wa ragileta kafur. Waɗanda suka rubuta littattafan ba su taɓa zaton akwai mahalukin da zai yi ba.

Baɗi ta zo, takardu ba su daidaita ba. Wata baɗin aka rufe duniya saboda annoba. A cikinta uwarsa ta rasu, ya yi ta'aziyyar kansa ta waya. Bayan nan sai ya zama komawar ma kunya take ba shi, mutum ya tafi neman digiri ya dawo da tiyo. Ko da ya kai su, ina tukwane, ina injin cika iska? Kullum akwai dalili, kuma kowane dalili mai kyau ne. Duk salla sai ya jawo akwatin, ya ɗaga murfin kaɗan, ya watsa sabon kafur, ya mayar. Bai taɓa kwance leda ko ɗaya ba. Mutumin da ke zagin lauyoyi don sun wuce shekara da wata biyu, nasa sun shekara bakwai.

"Malam," in ji Bashira wata rana tana share ɗakin, "wannan akwatin naka, in kakanka ne a ciki ka faɗa mana mu riƙa gaishe shi."

"Kayan aiki ne."

"Kayan aikin da ba sa aiki. To Allah ya ba su lafiya. Ɗakinmu dai ya koma shagon gwanjo, jiya wata ɗaliba ta ce masata tana ƙamshin sabon kaya."

"Sai ki ƙara mata kuɗi."

A watan Maris na bana ƙaninsa Kabir ya kira. Wani kamfani da ya yi aikin gindin gada a yankinsu ya tashi, ya bar wa Sarkin Ruwa injin cika iska da tukwane takwas, wai kyauta. Suna nan jingine a zaure, yara suna buga su kamar ganga.

"Yaya, an ce sai da wani abu da ake cizawa a baki. Ka san shi?"

Tajuddeen yana tsaye a dandalin jirgi a Wangsa Maju. Jirgi ya zo, ya buɗe, ya rufe, ya tafi, yana nan. Shekara bakwai yana riƙe da maganar, ta fito masa gaba ɗaya kamar an fasa tulu. Ya ce yana da shida. Ya ce shi ya gyara su da hannunsa. Ya ce a gaya wa Baba yana nan tafe bayan ƙaramar salla, a zaɓo masa samari masu natsuwa, ba masu rawar kai ba.

Ya sayi tikiti. Bashira ta fara ƙulla tsaraba. Saura kwana goma sha biyu ya ce bari ya kai su benci a duba, don cika ƙa'ida kawai. Ya jawo akwatin tsakar ɗaki, ya kwance leda ta farko.

Warin ne ya fara fitowa, har Bashira ta yi tari daga kicin. Cikin ledar ya yi gumi. Ƙarfen da ya bari yana ƙyalli ya yi dabbare-dabbare da kore. Ya ɗaga tiyon, tiyon ya ƙi miƙewa, ya tsaya a lanƙwashe yadda aka kwantar da shi. Ya matsa da yatsa, ya ji wani abu na ruɓuɓɓushewa a ciki kamar busasshen ƙuli. Bai buɗe sauran ba. Ya mayar da murfin, ya ɗauki akwatin a ka. Ranar lifta ba ta ga dama ba.

Pak Rosli ya sa tabarau, ya dubi abin da ke kan bencin, ya dubi Tajuddeen.

"Waɗannan ba su ne na shekarun baya ba? Na zaci ka sayar."

"A gida suke."

"A gida ina? Cikin kabari?" Ya ɗauko ƙwayar kafur ɗaya da ta rage kamar ƙwayar gero, ya shinshina. "Taju. Kai? Kai da kake sa manyan mutane kuka a kan marfi?"

"Kyankyaso ne, Pak."

"Kyankyaso baki ɗaya zai ci, mu sa wani. Ga ɗaki mai sanyi, ga ƙusa a bango babu komai a kanta. Me ya hana ka kawo su nan?"

Sai a lokacin ya gaya masa. Kogin, da Daso, da kunnen babansa, da samari shida. Tsohon ya karkato kunnensa mai ji yana saurare, hannunsa a kan sifana bai motsa ba. Da aka gama ya ajiye sifanar.

"Shekara tara muna sallar azahar tare," ya ce. "Da ka faɗa mini, da duk wata uku na sa an shiga ruwa da su. Wannan abin in ba a numfashi da shi, mutuwa yake. Ka sani. Ni na koya maka."

"A wurinmu ba a faɗin niyya."

"To ga ta nan, ba wanda ya ji ta."

Suka bi su ɗaya-ɗaya. Ta farko, ana buɗe tukunya tiyon ya kumbura ya tsage. Ta biyu ta kama huci ba ta daina ba. Ta uku da ta huɗu allura ta ƙi tsayawa, tana ta hawa a hankali kamar farashin shinkafa. Suka kwance kan ta biyar, suka tarar danshi ya ci mazaunin ƙarfen ya yi ramuka, irin cin da ba ya gogewa. Tiyo ana samun sabo a ko'ina, amma abin da ke cikin kan, na ƙarshensa a ƙasar nan shi ne wanda Tajuddeen ya sa da hannunsa shekara bakwai da suka wuce.

Ta shida ta riƙe. Allura ta hau, ta tsaya. Suka zuba mata ido minti biyar, ba ta motsa ba. Tajuddeen ya ɗauke ta ya juya a hannu. Ɗaya ma ai wani abu ne. Mutum ɗaya a ƙasa, biyar a kan igiya.

"Benci ba ruwa ba ne," in ji Pak Rosli. "Asabar."

Ran Asabar da safe kantin yana koyar da sababbi a wurin iyo na wani bene a unguwar Setapak. Aka sa wa ta shida sabon tiyo da sabon baki, aka jiƙa ta kwana biyu, aka wanke da sabulu. Tajuddeen ya goya tukunya ya gangara ɓangaren mai zurfi, mita uku, ya durƙusa a kan tayil. Ya zuƙa.

Iskar ta zo, amma ba ita kaɗai ba. Kafur ya riga ya shige cikin tantanin da kowace roba da ke ciki, inda sabulu ba ya kaiwa. Ya ji ɗakin uwarsa, da ƙarar akwatin ƙarfe a kan daɓe, da murfin da ake ɗagawa kaɗan. Ya daure ya sake zuƙa. Maƙogwaro ya fara zafi, ido ya kawo ruwa a cikin gilashi. Ya ce wa kansa wari ne kawai, Basarke ya shaƙi abin da ya fi wannan. A zuƙa ta bakwai tantanin da ya bushe ya ƙi komawa mazauninsa, ruwa ya biyo iskar ya sarƙe shi. Ya tofar da bakin, ya taka ƙasa, ya taso yana tari kamar zai amayar da hanji. Sababbin ɗalibai suka tsaya suna kallon malamin gyara yana rarrafe a gefen ruwa.

Pak Rosli ya tsuguna kusa da shi, ya bari ya gama.

"A nan ka taka ƙasa ka fito. Kogin naku mita nawa?"

"Ashirin. Wani wurin ya fi."

"Ana gani?"

"Ko tafin hannunka."

Tsohon ya miƙa masa hannu ya tashe shi. A hanyar komawa kanti ya ce zai yi wa mai kanti magana, kayan hayan yanzu za a sauya su nan da shekara uku, wataƙila huɗu. Sababbi kuwa, da irin tsadarsu, su biyun sun san ba zancen da za a fara ba ne. Tajuddeen ya yi godiya. Babansa ya haura tamanin.

Da suka isa ya zauna a gaban bencin, su shida a jere. Wani tunani ya zo masa, kuma ya daɗe bai kore shi ba. Ya tafi da su haka. A goge koren, a sa sababbin tiyo, su yi kyau a ido. Ya sauka da akwati a ka, gari ya fito, Baba ya shafa su da hannu. In ya so daga baya ya ce suna buƙatar wani ƙaramin abu da za a aiko. Ba wanda zai ce ya dawo hannu rabbana.

Amma ya san mutanensa. Ya san ranar da ya juya baya, ko ranar da wani kwalekwalen ya kife uwa tana kururuwa a bakin ruwa, wani yaro mai zuciya zai shiga zaure ya ɗauko ɗaya. Za a kira mai gyaran babur ya ɗaure inda ke huci da robar taya, ya ɗiga gam, ya ce ta yi. A gida babu abin da ba a lallaɓawa. Yaron zai sauka mita ashirin cikin duhu, inda bai taɓa kaiwa da numfashinsa ba, ya yi zuƙa ta bakwai.

Ya buɗe aljihun benci ya ɗauko almakashin yankan tiyo. A sana'ar, abin da aka yanke wa hukunci ba a jefar da shi da rai, don kada wani ya tsinta. Ya sha yi wa na mutane yana barkwanci. Ya yanke tiyo shida, har da sabon. Ya ɗaure kowane kai a matsi, ya sa guduma ya lalata zaren da ke kama bakin tukunya. Pak Rosli ya fita ya ja ƙofar, wai zai sha shayi.

La'asar ta yi, hadari ya haɗo kamar kullum. Yana tsaye a ƙarƙashin rumfar shagon mamak, akwatin ƙarfe babu komai a ciki yana jingine da ƙafarsa, sai waya ta yi ƙara. Kabir ne, muryarsa cike da murna.

"Yaya, ga Baba, tun safe yake damuna in kira ka. Ka ɗaga murya, ka san kunnen."

Aka yi ƙugi-ƙugi, sai muryar tsohon ta fito da ƙarfi, irin ta wanda ba ya jin kansa.

"Tajuddeen! An zaɓa! Shida cif, ni na zaɓe su da kaina. Har da jikan Hassan mai taru, yaron nan kifi ne. Kullum da safe ina kai su bakin ruwa. Sarkin Ruwa ya sa an wanke tukwanen an shafa musu fenti. Kana jina?"

"Ina ji, Baba."

"Me za su riƙa yi kafin ka iso? Ka faɗa mini in sa su."

Ruwan sama ya sauko a kan kwanon rumfar gaba ɗaya. Tajuddeen ya toshe ɗaya kunnen da yatsa. Yatsan yana warin kafur.

"Baba, ka ci gaba da koya musu riƙe numfashi."

"Me ka ce?"

"Na ce su riƙe numfashi, Baba. Yadda ka iya."

"Ba na jin ka! Kabiru, karɓi, ka ji me yake cewa."